Maganin Ƙwari Na Nan A Gindin Darbejiya

Duk wanda ya bi bakin kogin Kaduna ta wajen Kakuri, Makera ko Barnawa da rani, zai ga lambuna na tumatir da alayyafo da kabeji, ya kuma ga masu lambu goye da famfon feshi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Abin da suka fesa da safe shi ne matanmu za su sayo da maraice. Wannan al'amari ya daɗe yana damunmu.

Ba mu zargin manomi. A 2016 tsutsar tumatir ta yi ɓarnar da har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta, kuma wanda ya taɓa asarar lambu guda ba ya wasa da ƙwaro. Amma fa guba ma tana da nata hasarar. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta, saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa.

Alhali kuwa ga darbejiya, watau dogonyaro, tana zubar da 'ya'ya a harabar kowace makaranta, ana sharewa ana ƙonewa. Asalinta daga Indiya ne. A 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye kowane ganye ta bar darbejiya. Daga nan masana suka gane ƙwayar 'ya'yanta tana hana ƙwaro ci, tana kuma hana tsutsa girma.

Haɗin ba shi da wuya. A tsinci 'ya'yan da suka nuna, a wanke ɓargon, a shanya a inuwa, a zubar da masu fumfuna. A daka, a sheƙe, a auna rabin kilo na garin ƙwayar a jiƙa cikin ruwa lita 10, ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle mai laushi, don tsaki yakan toshe bakin famfo, sa'an nan a narka ɗan sabulu a ciki domin ruwan ya kama ganye. A fesa da la'asar sakaliya, sama da ƙarƙashin ganye, gama zafin rana yana kashe ƙarfinsa. Wanda ba shi da famfo ya yayyafa da tsintsiya. Kada a ajiye ragowa, kada kuma a wanke famfo a kogi.

A nan ne mutane da yawa ke karaya. Sun saba da maganin da ƙwaro ke faɗuwa nan take, sai su duba washegari su ga tsutsa da rai, su ce aikin banza ne. A'a, ta daina ci ne, mutuwarta sai bayan kwanaki. Saboda haka a fara tun ɓarna ba ta yi nisa ba, a maimaita kowane mako. In tsutsa ta riga ta shige cikin tumatir, darbejiya ba za ta fito da ita ba, kuma ba mu ce za ta yi ba.

Muna roƙon malaman makaranta su sa yara su tara 'ya'yan, a gwada a lambun makaranta, kunya biyar a fesa, biyar a bari, iyaye su zo su gani da idonsu. Akawunan ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun kuma, in za a rubuta takardar sayen maganin gona, su tuna wa shugabanninsu da malaman gona cewa rabin kilo ɗin nan ba ya bukatar kwabo daga baitulmali.