Tangaran ɗin Ingila ba jari ba ne, dillalai su ji tsoron Allah

Jama'a, wata magana na yawo tsakanin 'yan uwanmu mazauna Ingila, wai ka sayi 'yan mutum-mutumin tangaran na da ka ajiye, kuɗinsu hawa yake kamar fili. Wallahi zancen dillalai ne, kuma na gaji da jin sa.

Yawancin abin da ake tallata muku na Royal Doulton ne, 'yan matan nan masu baza-bazan riguna. Tun 1913 kamfanin ke fitar da su, samfuri dubbai. Turawan da suka cika kabad da su a shekarun 1970 da 1980 sun tsufa, suna ta rasuwa, 'ya'yansu kuma ba sa so, sai a kwashe a kai gwanjo. Kaya sun yi yawa, masu saye sun ragu. Don Allah ta ina farashi zai hau?

Wani zai ce ai nawa tsoho ne, na gaske. To juya gindinsa ka duba. In ka ga an buga "Made in England", aikin ƙarni na 20 ne, ko dillali ya rantse da me.

Na da ɗin da ake ji da su su ne na Chelsea da Bow da Derby, waɗanda suka fara aiki tsakanin shekarun 1740 da 1750. Su kam suna da daraja, ban musa ba. Amma nan ne ramin ya fi zurfi. Tambarin Chelsea ɗan hoton ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa ne, ja, daga baya na ruwan zinare. Wannan na zinaren an kwaikwaye shi har ba iyaka, musamman kamfanin Samson na Paris da aka kafa a 1845. Yau kwaikwayon ma ya haura shekara 100, ya yi kama da tsoho domin tsohon ne. Bambancin yana cikin yumɓun: na Chelsea mai taushi ne, na Samson mai tauri. Haba, wannan a hoton waya za ka gane shi?

Ga kuma gyara. Kai ya cire an manna, yatsa ya karye an ƙera wani an shafe da fenti. Masana sai sun haska fitila ta musamman suke gani, kuma gyara na karya farashi sosai.

Wanda yake sha'awa, ya sayi abinsa da rarar kuɗi ya more kallo, ba ruwana da shi. Faɗana da masu sa mutum ya zuba kuɗin makarantar yara ko kuɗin adashi ne. In dillali ya ce maka bayan shekara 5 kuɗin zai ninka, ce masa ya rubuta a takarda cewa shi zai saya a hannunka a wannan farashin, ya sa hannu. Ka tsaya ka ga ko zai ɗauki biro.