Makaranta a Kafanchan, takardun 'ya'yanmu a rumbun haya

Mu da ke zaune a Agege, Sabon Ibadan ko Fatakwal, da yawanmu muna da yara a manyan makarantun gida, irin su harabar Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Yanzu rajista da biyan kuɗi duk ta intanet ake yi, uba ya biya daga shagonsa ba tare da ya hau mota ba. Wannan sauƙi ne, babu musu.

Amma ina bayanan suke kwana? Jami'o'i a duniya suna daina ajiye manyan kwamfutoci a harabarsu, suna karɓar hayar rumbu da manhaja daga kamfanoni irin su Microsoft da Google. Makarantar da ke fama da wutar lantarki da tsadar gas ɗin janareta dole abin ya ba ta sha'awa.

A ganina, matsala uku ce. Ta farko kuɗi: yawanci da dala ake lissafin hayar, kuma daga Yunin 2023 zuwa farkon 2024 dala ta tashi daga kusan naira 460 ta haura 1,500. Ta biyu sabis: a 2021 an katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda tsaro, sannan a Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, intanet ta yi ta wahalar da Afirka ta Yamma. Ta uku, idan komai ya taru wuri ɗaya, kuskure ɗaya kowa yake shafa. Mun gani a 2025, lokacin da JAMB ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta taɓa sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas.

Don haka kafin kowace makaranta ta sa hannu, har da sabuwar jami'ar tarayya ta Kachia, a tambaye ta: in an raba gari da kamfanin, wa zai riƙe sakamakon yara? Akwai kwafi a hannun magatakarda? Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa makarantar alhakin kula da su.

Mu kuma iyaye, duk zango a sa yaro ya buga rasit da sakamakonsa a takarda, a adana.