Idin Bukkoki da godiyar kakarmu a Shamaki

Duk shekara, daidai lokacin da damina ke ɗauke ƙafa, gero ya shiga gida ana jiran wake da dawa, Yahudawa ke shiga watansu na Tishri, wanda ke faɗowa tsakanin Satumba da Oktoba. Ranar 1 ga watan ake busa ƙaho, ita ce sabuwar shekararsu. Ranar 10 Yom Kippur, wato Ranar Kafara, azumin kusan awa 25 ba ci ba sha. Daga ranar 15 sai Idin Bukkoki: kwana bakwai iyali na cin abinci a bukkar da aka rufa da rassan itace, don tuna zaman kakanninsu a jeji bayan fitowa daga Masar. Duka ukun suna cikin Littafin Firistoci sura 23.

Me ya haɗa mutumin Shamaki da wannan? Abin ya shigo majami'u. Tun 1980 wata ƙungiya mai suna International Christian Embassy Jerusalem ke tara Kiristoci daga ƙasashe da dama a Urushalima lokacin Idin Bukkoki. Namu masu ziyarar ibada kuma, waɗanda ke dawowa da laƙabin JP, wasu kan taho da ƙaho, da mayafin addu'a, da tutar Isra'ila. Mai bin wa'azi a talabijin ko Facebook ya ga yadda ake cewa wannan ce sabuwar hanyar farfaɗo da bangaskiya da jawo mutane ga bishara.

Koyon ma'anar idodin ba laifi ba ne, wajibi ne ma ga mai karatu. Wanda bai san abin da babban firist ke yi a Ranar Kafara ba, ba zai gane Ibraniyawa sura 9 ba. A Yahaya sura 7 kuma, a ranar ƙarshe ta Idin Bukkoki ne Yesu ya miƙe ya kira masu jin ƙishi, a makon da firistoci ke ɗebo ruwa daga tafkin Siluwam suna zubawa a bagade. Mu da muka san jiran 'yan garuwa in famfo ya ƙafe, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Amma kiyaye idin ba a ɗora shi a wuyan Kirista ba. Bulus ya warware wannan a Kolosiyawa sura 2.

Inda nake da ja shi ne batun tuta. Harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023 ya faɗo ne a ƙarshen wannan idi, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya a Gaza. A watan nan ne bom ya faɗa harabar cocin Saint Porphyrius, ya kashe mutanen da suka fake a ciki, Kiristoci irinmu. Tutar ƙasa ba aya ba ce. A unguwar da katanga ɗaya ta raba gidan fasto da na liman, duk wanda ya kafa ta a bagade ya sani maƙwabcinsa ba Firistoci 23 zai karanta a jikinta ba, gawarwakin yara zai tuna. Wace bishara ce za ta shiga kunnensa bayan haka?

Alhali akwai abin ɗauka, kuma ba a sayen sa a kasuwar Urushalima. Malaman Yahudawa na dā sun koyar cewa Ranar Kafara ba ta share laifin da ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa sai ya je ya nemi yafiyarsa. Shi ya sa kafin azumin ake biyan bashi, ana buga ƙofar wanda aka ɓata wa. Yesu ma abin da ya ce ke nan a Matiyu sura 5 game da mai kawo baiko alhali akwai mai jin haushinsa. Mutum nawa a cikinmu ke rawa zuwa gaban bagade da buhun masara, bayan ya shekara ba ya gaisawa da wanda suka yi rigimar kwata? Maƙwabtanmu Musulmi ba baƙon zance ba ne wannan a wurinsu, sun san hakkin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Masana da dama ma na danganta azumin da Annabi Muhammadu ya tarar Yahudawan Madina suna yi ranar Ashura da wannan rana ta 10.

Sai batun kaka. Ayar da ke gab da umarnin busa ƙaho ta hana manomi girbe gefen gonarsa ko yin kala, ta ce a bar wa matalauci da baƙo. Maimaitawar Shari'a sura 16 ta lissafa waɗanda za a yi murnar Idin Bukkoki tare da su: bara, baƙo, maraya, gwauruwa. Yanzu a dubi godiyar kakarmu. An jibge doya, shinkafa, kaji da awaki, an tashi sujada an buɗe gwanjo, masu hali suna gasar ɗaga farashi, kuɗin ya tafi ginin sabon zaure. Ginin na da amfani, ban musa ba. Amma matar da rikicin Borno ya koro ta take haya a ɗaki ɗaya a bayan coci, ƙamshin girki kawai ta ji.

Shawarata ga dattawan ikilisiyoyi da zumuntar mata ita ce, bana kafin mai gwanjo ya buɗe baki, a ware kaso na hatsin a gefe. A je wurin mai unguwa a nemi sunayen gidajen marayu da zawarawa na layukan da ke kewaye, ba tare da tambayar inda suke ibada ba. A kai musu da yamma, ba hoto, ba lasifika, kuma kada a sa takardar gayyata a bakin buhun.