Aikin da Ake Cewa Sai Ka Biya



Duk mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san labarin nan, ko da ba a gidansu ya faru ba. Saƙo ya shigo WhatsApp cewa wata hukumar tarayya tana ɗaukar ma'aikata, gurbi kaɗan ya rage, kuma "akwai mutuminmu a Abuja". Uwa ta kwashi adashi ko ta sayar da ɗan kunnenta, a tura kuɗi ta POS. Bayan sati biyu a turo takardar kama aiki har da tambari, a kai ta shagon kwamfuta a Court Road a buga mai kala. Ranar da yaro ya je kama aiki, a ce babu sunansa. A kira lambar, a ji ta a kashe.

Mukan ce kwaɗayi mabuɗin wahala, amma a ganinmu ƙuncin rashin aiki ne ya fi tura mutane. Mu tuna ranar 15 ga Maris, 2014, lokacin da dubban ɗaruruwan matasa suka biya naira 1,000 kowannensu don neman guraben hukumar shige da fice da ba su kai 5,000 ba, har aka rasa rayuka a turmutsutsu a Abuja da Fatakwal da Minna.

Dalili na biyu ya fi ciwo: cinikin gurbi abu ne da ake yi. A watan Agustan 2023, a gaban kwamitin Majalisar Wakilai da Yusuf Gagdi ya jagoranta, wani tsohon jami'in hukumar daidaita rabon guraben aiki ta tarayya ya amsa cewa ya karɓi miliyoyin naira daga masu neman aiki. Ɗan damfara ba ya bukatar ƙirƙirar sabuwar ƙarya, abin da jama'a suka riga suka yarda da shi yake hawa. Wanda aka cuta kuma yakan yi shiru, don ya san shi ma ta bayan fage ya bi. Wannan shirun ne jarin macuci.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Ana neman kuɗi kafin aiki, da sunan fom ko gwajin lafiya ko kaki. Asusun na mutum ɗaya ne, ba na hukuma ba. Ana gaggauta ka, ana cewa kada ka faɗa wa kowa. Adireshin shafin bai ƙare da gov.ng ba, alhali an ce na gwamnati ne. Ana tambayar BVN ko lambar da banki ya turo maka. Ko ɗaya ka gani, dakata, ka taka har ofishin ka tambaya.

Mu ma ba mu tsira ba. Akwai mai neman "marubuta da masu fassara" da zai karɓi kuɗin rajista, ko ya ce a turo babi uku na gwaji, sannan ya ɓace da su. Akwai kuma wanda zai ba mu ɗan na goro mu gyara masa tallan aiki da tsaftatacciyar Hausa. In ba mu bincika ba, alƙalaminmu ya zama tarko.

Shawararmu uku ce. Kada mu tura tallan da ba mu tabbatar ba. Wanda aka cuta, mu raka shi EFCC ko wajen 'yan sanda da shaidar tura kuɗinsa. Sannan mu sa wannan al'amari cikin labaranmu, ba don yi wa wanda ya faɗa dariya ba, sai don uwar da za ta karanta ta gane hanyar kafin ta sayar da ɗan kunnenta.

Allah ya ba matasanmu aikin yi na halal. Sai mako mai zuwa.