Jerin gwanon fitilu: wasan banza ne?

Da yawa cikinmu sun taɓa ganin wanga abu a tele ko cikin salula. Dare ya yi, mutane sun cika bakin hanya. Ga wasu manyan motoci suna tafiya sannu-sannu, kowace an lulluɓe ta da ƙananan ƙwayayen fitila, ja da shuɗi da kore da fari. Wata an yi mata siffar jirgin ƙasa, wata siffar dodon koɗi, wata kau ƙaton dodo ne mai fitar da hayaƙi ta hanci. Ana kiɗa, ana rawa, yara suna ihu don murna.

Na ji masu cewa wanga ai wasan banza ne na waɗanda suka ƙoshi. Ni ban yarda ba. Akwai abin zargi a ciki, zan kuma faɗe shi. Amma bari mu fara sanin abin tukuna.

Wurin da aka fi sani da wanga wasa sunanshi Disneyland. Wani Ba'amurke mai suna Walt Disney, wanda ke yin siliman zane na yara, shi ya buɗe shi a jihar Kaliforniya ta Amurka a shekara ta 1955. Ƙaton wuri ne kamar gari, da hanyoyi, da kantuna, da gidajen abinci, da lilo iri-iri. Sai ka biya kuɗɗi kana ka shiga. Daga baya an gina irinshi a wasu ƙasashe. Na Tokiyo a ƙasar Japan an buɗe shi a 1983. Na Faransa kuma an buɗe shi ran 12 ga Afrilu 1992, kilomita 32 gabas da birnin Paris.

To mi ya kawo jerin gwanon dare? Kasuwanci ne, kada a ɓoye. Masu wurin sun lura in rana ta faɗi mutane sai su kwashi ɗiyansu su tafi gida. Wanda ya tafi kau ba ya sayen abincin dare, ba ya shiga kanti. Sai suka nemi abin da zai tsaida jama'a har dare. Ran 17 ga Yuni 1972 aka fara jerin gwanon fitilu a Kaliforniya. Ƙwayayen fitilar da aka yi aiki da su sun kai kimanin dubu 500, kuma da hannu aka rina su launi-launi. Dabara ta ci. Mutane suka daina gaggawar komawa gida.

Amma abin da aka yi don neman kuɗɗi yana iya zama mai kyau. Mai tuwo-tuwo ma don kuɗɗi take dafawa, ba ya hana miyarta yin daɗi.

A ganina daɗin abin yana farawa tun kafin motar farko ta fito. Da rana wurin nan gajiya ce zalla. Ka yi layi na rabin awa ko awa guda don lilon da bai wuce minti 3 ba. Yara suna kuka, uwaye suna faɗa, kowa yana gudu kada wani abu ya wuce shi. Da marece ya yi sai komi ya lafa. Iska ta yi sanyi. Babbar hanyar da ke tsakiyar wurin, wadda aka gina da kamannin ƙaramin garin Amurka na wajen shekara ta 1900, sai a kunna mata ƙananan fitilu a gefen kowane gini. Ƙanshin gugguru da na kayan zaƙi ya cika hanya. Ma'aikata suna ja igiya, suna nuna ma kowa inda zai tsaya.

Mutane kan zauna ƙasa a bakin hanya tun da sauran awa guda. Mai kuɗɗi da mai ɗan hali duk a ƙasa. Wani ya cire takalmi yana murza ƙafa. Wata tana ba jariri nono. Tsoho ya jingina da sandarshi, jika ya yi barci a cinyarshi. Wanda ke kusa da kai wataƙila ba ku jin harshen juna, amma sai ya matsa ma ɗanka ya shiga gaba don ya gani. Wanga zaman jira, ni ban ɗauke shi ɓata lokaci ba. Tun safe iyali suna tare amma ba su zauna ba, sai yanzu.

Can sai a kashe fitilun hanya.

Nan ne babbar dabarar take. Ƙaramin ƙwan fitila ba komi ba ne da rana. Ko da dare, in akwai babban haske kusa da shi, ba mai kallonshi. Sai an yi duhu yake zama abin kallo. Don haka kafin jerin gwano ya iso, sai a kashe wutar wannan yanki na hanya. Dubban mutane su yi tsit na ɗan lokaci. Sai kiɗa ya tashi. Sai ka hangi haske can nesa yana matsowa.

Duhun nan yana ɓoye tayoyi da ƙarfe da waya, yana ɓoye direban da ke zaune cikin mota yana leƙe ta ƴar kafa. Abin da ido ke gani siffa ce kawai ta haske, kamar tana yawo bisa iska. A jerin gwanon Kaliforniya, akwai jirgin ƙasa yana jan ƙaton ganga, ɓeran nan na silima mai suna Mickey yana bisa yana ɗaga hannu. Bayanshi ga dodon koɗi da kunkuru suna juyi, su matso har gaban yara kana su koma. Ga keken gimbiya mai siffar kabewa. Ga dogon agogo. Ga koren dodo mai hayaƙi, da yaro zaune bisa wuyanshi. Masu rawa su ma tufafinsu fitilu ne, kowa yana ɗauke da batir ɗinshi a jiki.

Motocin ba su haɗe da wata waya ta waje. Batir suke ɗauke da shi, shi ke tafiyar da su, shi ke kunna fitilu. Kiɗan ma da hikima aka shirya shi. An raba hanya yanki-yanki, kowane yanki da lasifikarshi. In mota ta shigo yankinku, sai saƙo ya tafi ta iska kamar na rediyo, lasifikar da ke kusa da ku ta saki kiɗan wannan motar daidai da wanda ke fita daga cikinta. Shi ya sa duk inda mutum ya zauna, sai ya ji kamar don shi kaɗai ake yi. Wanga aiki ne na masu ilmin wuta, da maƙera, da maɗinka, da makaɗa. Duk wanda ya taɓa haɗa waya biyu don fitila guda ta kama, zai san ba ƙaramin aiki ba ne a sa dubu 500 su kama tare.

A 1996 aka sanar za a tsaida wasan a Kaliforniya. Mutane suka yi ta tururuwa don kallon ban kwana. Har aka cire wasu ƙwayayen fitilar, aka sa su cikin ƴan akwatina aka saida, aka kuma saye. Ƙwai guda, marar wuta, cikin akwati! Daga baya dai an sake maido da wasan sau da dama, don jama'a sun ƙi mantawa da shi. A Faransa an yi shi daga 1992 zuwa 2003, wani jerin gwanon fitilu ya gaje shi har 2012. A 2024 kuma sai suka maida shi sama: ƙananan jirage marasa matuƙi kimanin 500, kowane da fitilarshi, suka jeru cikin duhun sama suna zana jirgin ƙasan nan da dodon nan.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi. Mai karatu zai ce: "Malam, mu nan fitilar da za mu yi karatun dare ma wuya take. Su kau suna wasa da wuta. Wanga ba almubazzaranci ba ne?"

Maganar tana da zafi, kuma tana da dalili. A Nijar kimanin mutum 1 cikin 5 ne ke da wutar lantarki, a ƙauyuka kau abin bai kai haka ba. Ba mu manta da 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take aiko mana, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa ke amfani da shi. Yamai da Maraɗi da Damagaram sun sha duhu, har sai watan Maris na 2024 aka maido ta. Wanda ya ga haka, in ya ga mota ta sha ado da fitila dubu, dole ranshi ya sosu.

Amma mu duba da kyau. In aka kashe jerin gwanon Tokiyo yau, ƙwai guda ba zai kama a Dakwaro ba. Babu wayar da ta haɗa su. Rashin wutarmu yana da nashi dalilai, kuma maganinshi yana nan gida: tashoshi, da turaku, da wayoyi, da faifan hasken rana. Kuma ƙwayayen zamani, waɗanda ake kira LED, ba su cin wuta kamar na da. Ƙwan LED na wat 9 yana ba da hasken da tsohon ƙwai na wat 60 ke badawa. Jerin gwanon da aka fito da shi a Kaliforniya a 2015 yana da irinsu fiye da miliyan 1 da rabi. Irin ƙwan nan ne kuma ke cikin tocilar da ke hannunka, da ƴar fitilar hasken rana da ta kori fitilar ƙwai daga gidaje da yawa.

Wani kuma zai ce: ƙato da gemunshi ya zauna ƙasa yana kallon ɓeran wasa? To, mu ma mun san daɗin dare. Tatsuniya ba a yin ta da rana. Ƴan mata ba su fita dandali sai farin wata ya haska. In azumi ya kai kwana 10, yara sukan fito tashe da dare, wani ya sa gemun auduga, wani ya yi ƙaton ciki da tsumma, manya su fito ƙofar gida suna dariya har su ba da sadaka. Ba wanda ya ce dattijon da ya yi dariyar tashe ya zubda girmanshi. Mutumin da ya wuni yana aiki yana da hakkin ya ga abin da zai faranta mishi rai, ko a Tawa yake ko a Paris.

Inda nike da zargi, wurin ƙofa ne. Tikitin babban mutum na wuni guda a Disneyland na Paris, a ranakun da jama'a ta yi yawa, yakan wuce Yuro 100. Wato sama da jikka 65 na kuɗɗinmu. Ka lissafa miji da mata da ɗiya 3, ka ƙara kuɗɗin jirgi da abinci. Ko cikin Faransa akwai iyalai da yawa da ba su iya wanga. Ɗan lebura yana ganin dodon haske a tele kamar yadda ɗanka ke ganinshi. Kuma bayan ka shiga ba a bar ka ba: da duhu ya yi sai masu talla su fito da kayan wasa masu walƙiya, su bi ta gaban yara daidai lokacin da uba ya gaji da cewa a'a. Wanga wayo ne, kuma bai yi mini ba.

Abin yana yiwuwa ba da ƙofa ba. A garin Liyon na Faransa, tun 1852 mutane ke jera ƴan kyandirori a tagoginsu daren 8 ga Disamba. Asalin abin bikin addinin Kirista ne. Yau ya zama bikin gari duka, har dare 4. Ana haska gine-gine da hotuna masu motsi, ana hana motoci shiga tsakiyar gari, kowa ya fito da ƙafa ya yi kallo. Ba a biyan ko dala don a bi titi. In za a tambaye ni wanne ya fi, wanga zan zaɓa. Amma wannan bai sa na Disney ya zama banza ba. Tsada daban, rashin kyau daban.

Muna da ƴan uwa da ke karatu ko aiki a waɗancan ƙasashe, wani kuma Allah na iya kai shi. Wanda ya riga ya biya kuɗɗin shiga, kada ya fita da la'asar, don ya bar mafi kyawun abin da ya saya. Ya tambayi abin da ake nunawa da dare a ranar, tun da shirin yana canzawa daga shekara zuwa shekara. Ya san kuma cewa a Paris cikin watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, don haka wasan yakan yi latti, gara yara su ɗan yi barci da rana. Cikin Disamba kau tun ƙarfe 5 duhu ya fara, ga sanyi mai shiga ƙashi, sai da babbar riga da hula.

Sai maganar salula. Yanzu da an kashe fitilun hanya, sai ka ga ɗaruruwan hannuwa sun tashi sama, kowane da wayarshi tana haske. Duhun da aka sha wahala aka shirya, sai ƴan kallo su ɓata shi da kansu. Yaron da ke baya ba ya ganin dodo, sai bayan wayar wani. Hoton da ake ɗauka kuma mafi yawa bai fita da kyau, don ƙaramar waya ba ta son duhu. A ɗauki guda ko biyu don ƴan gida su gani, a maida waya aljihu, a ɗora yaro bisa kafaɗa.