Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Ƙasar Katagum ba baƙuwa ba ce wajen ba Nijeriya ma'aikata. Daga can ne aka sami Alhaji Sule Katagum, wanda ya shugabanci Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Gwamnatin Tarayya har zuwa 1975. Daga can ne kuma Alhaji Abubakar Tatari Ali ya fito, watau gwamnan farar hula na farko a Jihar Bauchi, daga 1979 zuwa 1983, da Alhaji Aminu Saleh wanda ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Tarayya. Saboda haka duk wanda mutanen Azare da kewaye suka tura majalisa, da wannan mudu za a auna shi.

Amma wakilan zamanin nan sun sha bamban da ma'aikatan da. Da yawa daga cikinsu kafin su shiga siyasa suna da ofishin lauya, ko kamfanin kwangila, ko kantuna da motocin haya. Wannan ba laifi ba ne. Lauya ya san yadda ake tsara doka, ɗan kasuwa kuwa ya san abin da haraji da lalacewar hanya ke yi wa ciniki, kuma majalisa tana bukatar irin wannan sani. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da amfanin jama'a da amfanin aljihu suka yi karo. Lauyan da kamfani ke biyansa, yaya zai yi in majalisa ta tashi binciken kamfanin? Ɗan kwangilar da ke cikin kwamitin kasafin kuɗi, wa zai hana shi yanka wa kansa tsoka?

Tsarin Mulkin 1999 bai yi shiru a kan wannan ba. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar sun hana mai riƙe da muƙamin gwamnati ya sa kansa inda bukatarsa za ta ci karo da aikinsa. Sun hana wanda ke aiki na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko wata sana'a tasa, in ban da noma. Har wa yau tilas ne ɗan majalisa ya bayyana dukiyarsa kafin ya hau kujera, ya sake bayyanawa in ya sauka. Dokar dai tana nan a rubuce. Bin ta ne ya yi wuya.

Abin da ya auku a Majalisar Dattijai ran 10 ga watan Yuni 2023 ya isa misali, ko da yake ba kwangila ya shafa ba, gida ya shafa. A zaman ban-kwana na majalisa ta tara, Sanata Adamu Bulkachuwa, wanda ya wakilci Bauchi ta Arewa daga 2019 zuwa 2023, ya miƙe yana godiya. Cikin jawabinsa ya yaba wa maiɗakinsa, Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa, mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara, a kan haƙurin da ta yi da shisshigin da ya ce ya yi wa 'yancinta sa'ad da take kan aiki, da kuma taimakon da ya ce ta yi wa abokan aikinsa. Nan take Shugaban Majalisa, Sanata Ahmad Lawan, ya katse shi.

Magana zarar bunu ce. Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya ta nemi a yi bincike, Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci kuma ta gayyaci sanatan. Mai Shari'a Zainab, wadda ta yi ritaya tun 2020, ta ƙaryata cewa wani ya taɓa juya mata hukunci, shi ma sanatan ya ce ba a fahimce shi ba ne. Adalci ne kuma a tuna cewa a watan Mayu 2019 ita da kanta ta janye daga shari'ar zaɓen Shugaban Ƙasa, bayan jam'iyyar PDP ta yi ƙorafi cewa mijinta ɗan APC ne. Yanke hukunci a kan wannan batu ba aikin jarida ba ne. Amma ɓarnar da kalmomin suka yi a bayyane take, gama talakan da ke da ƙarar gona a kotu ya ji da kunnensa abin da zai ƙara masa zaton cewa shari'a sai da sanayya.

In har zumuncin gida kaɗai zai jawo irin wannan zargi, ina ga wakilin da ke karɓar kuɗin aikin lauya ko ribar kwangila yana bisa kujera? Lalle ya kamata a tashi tsaye a wurare uku.

Da farko, duk lauyan da ya ci zaɓe ya miƙa ofishinsa ga abokan aikinsa, ɗan kasuwa kuma ya sauka daga shugabancin kamfaninsa, sauka ta gaskiya, ba wai ya sa sunan ƙanensa yana juya akalar daga Abuja ba. Na biyu, Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ta buɗe takardun bayyana dukiya ga duk ɗan ƙasa mai son dubawa, domin takardar da ke kulle cikin akwati ba ta tsoratar da kowa. Na uku, duk lokacin da majalisa za ta tattauna abin da ya shafi kamfanin wani wakili ko wanda ya taɓa tsaya wa a kotu, ya faɗa a fili, ya kuma janye daga ƙuri'a.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu zaɓe na da nasu kason laifin. Muddin ana auna ɗan majalisa da buhunan shinkafar da ya raba da azumi da kuɗin da ya liƙa a biki, to ana tura shi ne ya nemo kuɗin ta kowace hanya, gama ba albashin da zai ɗauki nauyin ƙananan hukumomi bakwai. Aikin da aka aike shi daban ne. Mutanen Zaki da Gamawa da Jama'are suna fama da ambaliya shekara da shekaru. Asibitin Tarayya da ke Azare da Jami'ar Kimiyyar Lafiya da aka kafa a garin a 2021 suna bukatar mai tsaya musu wajen rabon kuɗi. A kan waɗannan ya kamata a tuhumi wakili in ya zo gida.

Tsarin Mulki ya ba jama'a ikon yi wa wakilinsu kiranye in fiye da rabin masu rajista a mazaɓar suka sa hannu, amma hanya ce mai wuyar bi. Rigakafi ya fi magani. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a a Azare, ko Shira, ko Giyaɗe, ko Itas, a tambaye shi a bainar jama'a: wace sana'a yake yi, su wa yake yi wa aiki, kuma wa zai bar wa ita in ya ci? Wanda ya kasa amsawa kafin zaɓe, ba zai amsa bayan ya shiga majalisa ba.