ƊAN SANDA A ƘOFAR MAKARANTA: SAURAN AIKIN NA WANE NE?

Yau zan ɗan jingine ƙagaggen labari gefe guda, domin akwai maganar da ta fi ƙarfin a sa ta a bakin tauraro ko tauraruwar littafi. Magana ce a kan 'ya'yanmu da ƙannenmu da muke turawa makaranta, musamman ta kwana, da kuma jami'in tsaron da ake kawowa a ajiye musu a bakin ƙofa.

Duk lokacin da aka kwashi ɗalibai a wani gari, kira ɗaya za ka ji daga bakin iyaye da 'yan jarida da 'yan siyasa, wato a kai 'yan sanda makarantu. Gwamnati kuwa ta sha amsa wannan kira a takarda. Bayan sace 'yan mata 276 a Chibok ranar 14 ga Afrilun 2014, an ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja cikin watan Mayun shekarar. A 2021 an fito da manufar ƙasa a kan tsaron makarantu, a ƙarshen 2022 aka ƙaddamar da tsarin kashe naira biliyan 144.8 daga 2023 zuwa 2026, aka buɗe cibiyar kai ɗauki a ƙarƙashin hukumar sibil difens a 2023, sannan a zamanin Sufeto Janar Kayode Egbetokun rundunar 'yan sanda ta kafa rukuni na musamman domin kare makarantu. Duk wannan abin a yaba ne. Amma ra'ayina shi ne, ranar da ɗan sanda ya ajiye bencinsa a ƙofar makaranta, ranar ce aikin hukumar ilimi ya ninka, domin baƙo ne mai bindiga aka kawo cikin yara, kuma mai gida shi ke da alhakin sanin abin da baƙonsa zai yi da abin da ba zai yi ba.

Bari mu duba abin da ya faru a Dapchi ta jihar Yobe. Ranar 19 ga Fabrairun 2018 aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantarsu. Gwamnan jihar na lokacin, Ibrahim Gaidam, ya ce an janye sojoji daga garin kafin harin. Sojoji suka ce ai sun miƙa garin ga 'yan sanda kafin su tashi, 'yan sanda suka ce babu wanda ya miƙa musu komai. Ana wannan ja-in-ja a jaridu, iyaye na kuka a gida. Shekara bakwai da 'yan watanni bayan nan, ranar 17 ga Nuwamban 2025, aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a jihar Kebbi, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25. Gwamna Nasir Idris ya fito ya ce an samu labarin za a kawo hari, an kai sojoji, amma suka tashi da misalin ƙarfe uku na dare, ba a yi awa guda ba maharan suka iso, kuma shi kansa yana tambayar wa ya ba da umarnin janye su. To jama'a, idan gwamna guda yana tambaya, ina ga shugaban makaranta?

Wani zai ce ai nan Jigawa lafiya lau muke, me ya kawo wannan zance? Gaskiya ne mun samu sauƙin da maƙwabtanmu ba su samu ba, muna kuma roƙon ya ɗore. Amma mutanen Gwaram ba su manta da watan Afrilun 2014 ba, lokacin da 'yan bindiga suka shigo garin cikin dare suka afka wa caji ofis da banki da kotu, suka kashe 'yan sanda bakwai. Idan caji ofis sukutum bai gagara ba, mutum biyu a kan benci ba za su zama katanga ba su kaɗai. Ga mu kuma a bakin iyaka da jihar Bauchi, ga makarantun kwana masu tarihi irin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda Alhaji Aliko Ɗangote ya gama a 1978. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tun da sauran kwanciyar hankali ya kamata a zauna a tsara wannan al'amari.

Abu na farko da ya rataya a wuyan hukuma shi ne rubutacciyar yarjejeniya. Mai karatu ya lura, sarƙa biyu ce a nan da ba su haɗu ba. Hedimasta yana amsa wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi kuma yana amsa wa hukumar SUBEB a Dutse, manyan sakandare kuma suna ƙarƙashin ma'aikata. Shi kuwa kurtun ɗan sanda yana amsa wa difi'o, difi'o ga kwamishina, kwamishina ga Abuja. Shugaban makaranta ba shi da ikon ce wa ɗan sanda zauna ko tashi. Saboda haka dole sakataren ilimi ko jami'in shiyya ya zauna da difi'o a rubuta: mutum nawa za a kawo, ƙarfe nawa suke karɓar aiki, wa zai canje su, kuma idan ta kama a janye su domin zaɓe ko rakiyar wani babba, awa nawa kafin nan za a sanar da makaranta domin ta san matakin ɗauka. A sa hannu, hakimi da shugaban kwamitin kula da makaranta su zama shaidu, kowa ya riƙe kwafi. Da akwai irin wannan takarda a Dapchi, da ba a tsaya musun wa ya miƙa wa wa ba.

Na biyu, gyaran wurin da aka ce ya tsare. Ba ɗan sanda ne zai gina katanga ba. Makarantar da ke da ƙofa ɗaya a gaba da ɓaraka goma a baya, awaki da masu babur suna ratsa ta kamar hanyar kasuwa, ko mutum ashirin aka kawo wahala kawai za su sha. Katanga, fitilar sola a bayan ɗakunan kwana, sare duhuwar da ta kewaye makaranta, wayar da kullum take da caji da kati, ƙararrawa ko jiniya wadda mutanen gari za su ji, rajistar sunayen ɗaliban da suka kwana a kowane dare, duk waɗannan kuɗin hukumar ilimi ne da aikinta. Haka nan atisaye. Yaro ya san idan ya ji harbi ina zai nufa, malami ya san lambar wa zai fara kira. A Amurka, a garin Uvalde na jihar Texas, ranar 24 ga Mayun 2022, jami'an tsaro 376 ne suka taru a wata firamare, amma sai da aka yi minti 77 kafin su shiga ajin da maharin yake, yara 19 da malamai 2 suka rasu. Bincike ya nuna rashin sanin wa ke ba da umarni yana cikin manyan dalilai. Su da suke da kayan aiki kenan.

Na uku, kuma a nan nake so mu daɗe, shi ne shata iyaka tsakanin tsaro da tarbiyya. Mun san halinmu. Yau an kawo ɗan sanda saboda ɓarayin daji, gobe malami ya gaji da yaron da ke makara sai ya ce a kai shi wajen ofisa. Jibi an sace wayar wani a ɗakin kwana, sai a tara yara goma a ba shi ya tuhume su da kulki. Kafin zango ya ƙare, wanda aka kawo domin yara su yi barci da ido biyu rufe ya zama dodon da suke gudu. Makara, rashin yin aikin gida, aski, faɗan yara, tsallake katanga zuwa kallon ƙwallo, duk aikin malamin ladabtarwa ne da iyaye. Yaron da aka saba kai shi gaban mai kaki tun yana ɗan shekara 13, ko dai ya tsani makarantar ya gudu, ko kuma idonsa ya bushe ya daina tsoron kowa, kuma duka biyun asara ce gare mu.

Turawa sun riga mu faɗa wa wannan rami. Tun shekarun 1950 aka fara ajiye 'yan sanda a makarantun garin Flint na Amurka, abin ya bazu sosai bayan harbin Columbine na 1999. A 2015, a jihar Karolina ta Kudu, duniya ta ga hoton bidiyon ɗan sandan makaranta ya kifar da wata ɗaliba tare da kujerarta ya ja ta a ƙasa, asalin rigimar kuwa wayar hannu ce da ƙin fita daga aji. An kore shi daga aiki, amma tambayar ita ce wa ya kira shi cikin ajin tun farko? Hukumar makarantar ce. A Ingila kuma, a unguwar Hackney ta birnin Landan, a 2020 malamai suka kira 'yan sanda a kan wata yarinya 'yar shekara 15 da suke zargi da tabar wiwi, aka tuɓe ta aka caje ta a cikin makaranta, babu wani babba nata a ɗakin, ba a sanar da mahaifiyarta ba, kuma ba a samu komai ba. Rahoton da ya fito a 2022 ya ɗora laifi a kan 'yan sandan, ya kuma ce malaman sun sakar musu ragama maimakon su tsaya wa yarinyar.

Wannan ya kawo mu ga na huɗu, wato makarantun 'yan mata. A ƙasarmu uba ba ya barin 'yarsa ta yi kwana a makaranta sai ya yarda da wurin, kuma labari ɗaya maras daɗi ya isa ya mayar da yara hamsin gida. Don haka wajibi ne a rubuta cewa jami'i namiji ba ya wuce bakin ƙofa zuwa ɗakunan kwana sai da dalilin gaggawa, kuma tare da uwar ɗalibai. Ba ya aiken ɗaliba, ba ta yi masa wanki ko girki, ba ya karɓar lambar wayarta. Idan har akwai tambayar da za a yi wa yaro ko yarinya a kan babban laifi, sai a gaban iyaye ko wakilinsu. Jigawa tana da dokar kare yara wadda Gwamna Badaru Abubakar ya sa wa hannu a watan Disamban 2021, kuma wannan doka ba ta tsaya a bakin ƙofar makaranta ta juya ba. Kafin a turo mutum, hukumar ilimi tana da haƙƙin ta nemi sanin halinsa, ta kuma nemi a canja shi idan an ga take-takensa. A samar da hanyar kai ƙara wadda ba ta bi ta hannun abokan aikinsa ba, misali ta kwamitin kula da makaranta zuwa ga sakataren ilimi.

Na biyar, haƙƙin shi ɗan sandan. Shi ma ɗan wani ne, kuma uban wasu. A harin Kwalejin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, ɗan sanda ya rasa ransa a bakin aiki. Mutumin da aka ajiye babu rumfa, babu makewayi, babu abinci, babu alawus, ƙarshenta ko ya sulale cikin gari da dare, ko ya fara miƙa hannu ga iyayen da suka zo ziyara. Amma kada a ce za a warware wannan da ƙarin kuɗi a kan iyaye. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne, manomin Zandam da ke fama da kuɗin taki bai kamata a ce ya biya kuɗin tsaro ba. A sa shi cikin kasafi, a biya ta hanyar da za a iya bin sawu.

Na san akwai masu cewa wanda aka taimaka wa ba ya kafa sharaɗi, 'yan sandan ma ba su isa ba, idan ka cika ƙa'ida sai difi'o ya kwashe mutanensa. Maganar ƙarancinsu gaskiya ce, shi ya sa ma Shugaba Tinubu ya ba da umarni a watan Nuwamban 2025 a janye su daga gadin manyan mutane. Sai dai ƙarancin shi ne babban dalilin tsari. Tunda ba kowace makaranta za ta samu ba, hukumar ilimi ce ta san wacce ce ta kwana, wacce ke bakin daji, wacce ba ta da katanga, ita ya kamata ta jera su bisa haɗari, kada a bar abin ya zama wanda ya fi uban gida shi ke samu. Difi'o mai hankali kuma zai fi kowa son takardar, domin ita za ta wanke shi ranar da aka zo neman mai laifi. Sauran makarantun kuwa a ƙarfafa masu gadi, a haɗa su da 'yan sintiri da mafarauta da masu unguwanni, domin baƙuwar fuska a ƙauye ba ta ɓuya, mai shayi da ɗan acaɓa sukan riga kowa gani.

A ƙarshe ina kira ga iyaye, musamman na ƙasar Gwaram da Birnin Kudu. Idan aka kira taron iyaye da malamai, a daure a je, kuma a yi tambaya cikin ladabi: Malam, akwai yarjejeniya a rubuce? Wa za a kira idan wani abu ya taso da tsakar dare? Idan jami'in ya ci zarafin yaro, ina za mu kai kuka? Shugaban makarantar da ba shi da amsa kada a tsangwame shi, a raka shi ofishin sakataren ilimi a nemo ta tare. Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, inda za mu koma kan labarinmu. Wassalam.